Yatsan da ya hau takardar Tekna

'Ya'yana, ranar sadakar bakwai ta babanku ina zaune kusa da taga na ji wani cikin masu gaisuwa yana cewa, Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, in ban da wannan abu na takarda da ya raba shi da Arlit. Na kasa kunne ko ɗayanku zai tanka, babu wanda ya tanka. Ban ga laifinku ba. Abin da kuka ji ke nan, kuma babanku bai taɓa buɗe baki ya gyara muku ba. Ya ɗauki alkawarina cewa ba zan yi maganar ba muddin yana da rai. Yanzu Allah ya karɓi abinsa, ni ma gwiwa ta fara gaya mini gaskiya, don haka na sa an sayo mini wannan littafi in rubuta muku yadda abin ya kasance.

Kun san Arlit, can kuka yi wayo, amma kun riga kun watse karatu da aure kafin shekarar da aka rufe ramin haƙar yuraniyum na Akokan. Ba ku ga yadda unguwa ta koma ba. Da, ba na buƙatar agogo. Motar ma'aikata ta farko in ta wuce, na san lokacin ɗora koko ya yi. In ta dawo da yamma, yara na bin ta da ihu, na san in kwashe tuwo. Sai ga shi wata safiya na tashi na tsaya da ludayi a hannu ina jiran ƙarar da ba ta zo ba. Daga nan kullum sai ka ga kamiyo, babbar motar kaya, a ƙofar wani gida, an ɗaure gadaje da tukwane a sama, an nufi kudu. Wasu sun yi sallama, wasu kunya ta hana su. Waɗanda suka rage su ne marasa wurin zuwa, da waɗanda suka binne iyaye da 'ya'ya a wannan ƙasa suka kasa juya mata baya.

Babanku ba malamin jami'a ba ne irin mai shiga aji, ko da yake kowa Malam yake ce masa. Jami'ar da ya yi wa aiki tana da wani sashe mai kai ilimi ga jama'a a garuruwansu, shi kuma shi ne hannun wannan sashe a Arlit. In an yanke a can cewa za a koya wa mutane wani abu, shi zai nemo wuri, ya tara sunaye, ya san ranar da malami zai iso da inda zai kwana da abin da zai ci. Biro ɗinsa, wato ofishinsa, ɗaki ɗaya ne jikin gidanmu, wanda kuke ce wa ɗakin allo. Allon nan ya raba shi gida uku da zare da ƙusa: abin da za a yi, wanda zai yi, da ranar da za a gama. Farin alli na aikin da ke hannunsa ne, jan alli na abin da ke jiran sa hannu daga jami'a. Ja ya fi yawa kullum. Buhun iri ba ya fita daga sito sai mutum uku sun sa hannu, mota ba ta tashi zuwa Agadas sai da takardar izinin tafiya. Kowace Litinin da hantsi zai tsaya gaban allon da tsumma a kafaɗa, ya goge abin da ya ƙare, ya sake rubuta abin da ya ƙi motsi. Ni ke kai masa shayi a wannan lokaci, kuma nakan tsokane shi.

"Malam, wannan layin ja ai ya kusa yaye, tun yaushe yake nan."

"Mairo, takarda ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta. Amma aikin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba."

A wannan shekara jami'a ta kawo aikin garka, wato noman lambu, don matan waɗanda suka rasa aiki. An samu fili bayan gari, kusa da tsofaffin garake, an gyara rijiya. Sharaɗin shi ne mace ta zo darasi Talata da Alhamis tun shigowar sanyi har a cire albasa, wadda ta kammala a ba ta yanki nata da rabon ruwa. Da yake masu so sun ninka filayen, aka sa doka: wadda ta yi fashi sau uku a jere, a goge sunanta a sa ta gaba a layi. Shaidar zuwa kuwa wata doguwar takarda ce da kowa ke dangwala babban yatsa a gaban sunanta, da shuɗiyar tawada ta tampo, ɗan akwatin nan da ake danna hatimi a ciki. Matan suna jin nauyin miƙa hannu ga namiji ya kama ya dangwala, sai babanku ya ce in riƙa zuwa ina zagayawa da takardar, tunda na yi lakwal, makarantar boko, har kwaleji, ina iya karanta sunaye. Ba ma'aikaciya ba ce ni. Matar Malam ce kawai mai riƙe tampo. Amma wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu a rayuwata kamar waɗannan safiyoyi ba, muna zaune ƙarƙashin rumfa, ana nuna mana yadda ake cuɗa yashi da takin awaki, da yadda ake kafa darni ta gefen da iska ke bugowa, da yadda ake ɗanɗana ruwa a gane gishirinsa ya yi wa tumatir yawa.

Kun tuna Tekna, Ba'abziniyar da ke katanga ɗaya da mu, mai ba ku cuku. Mijinta Agali shi ke tuƙa motar ma'aikatan da nake faɗa muku. Shi ya zo da kansa ya rubuta sunanta, yana dariya yana cewa mahaifinta mai garka ne a cikin duwatsu, ita hannunta ko sanda ta dasa sai ta yi ganye. Hausar Tekna ba ta raba mace da namiji, kai take ce mini, har na saba, in wani ya ce mini ke a gidanta sai in ji baƙon abu. Mako biyar da fara darasi, Agali ya kwanta ciwon ƙirji, kwana tara Allah ya yi masa cikawa. Ya bar ta da yara huɗu da tsohuwarsa. Tekna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma.

Talata ta wuce, gurbinta babu yatsa. Alhamis ta wuce. Ranar Asabar da la'asar na sami babanku a ɗakin allo.

"Malam, Talata mai zuwa ita ce ta uku."

"Na sani. Na ƙirga kafin ki ƙirga."

"To goge ta za ka yi? Matar da ke takaba?"

"Na je na gai da tsohuwar, na ce mata malamai sun yarda mai takaba ta fita da rana don lalura. Ta ce a gidansu ba a taɓa yi ba. Tekna ma ta ce daga bayan labule ba za ta taka ƙofa ba. Don haka na rubuta wa jami'a. Waɗanda suka tsara dokar ba su tuna da takaba ba, mantuwa ce, za su gyara."

Ya nuna mini allon. Ga shi nan a ƙasa da jan alli, sunan Tekna da kalmar takaba.

"Ja ne, Malam. Ni na san ja. Yaushe ja ya taɓa zama fari cikin kwana uku?"

"Sunan da aka goge ana iya mayar da shi, Mairo. Ki bar takarda ta yi tafiyarta."

Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Na san matar da ke gaba a layi, na san in ta shiga ta fara zuba taki a yankin, babu mai fuskar da zai ce mata ta fita. Ga kuma abin da ya ruɗe ni, ina so ku fahimta, ba don in wanke kaina ba. Mu tun tasowarmu a Damagaram mun san wakilci. Ana ɗaura aure da wakili. In uwata ba ta iya zuwa gaisuwar mutuwa ba, takan aike ni, a ce ai Hajiya ta zo, ga 'yarta nan. Wanda ba shi da ƙarfi ma ana yi masa jifa a Makka. Sai na ce a raina, in na zauna na saurari darasi da niyyar Tekna, na ɗauka na kai mata har ɗakinta ba tare da na rage komai ba, ai Tekna ta zo. Ranar Talata na zagaya da takarda, da na iso sunanta na yi bisimilla a ɓoye na danna yatsana a tampo na dangwala.

Mutum ɗaya ce ta gani, Rahila telar nan ta Maradi, Kirista, wadda ta ɗinka muku kayan salla shekara da shekaru. Ta dube ni ta dubi takardar.

"Ikon Allah. Yau Tekna ta zo da yatsan Damagaram."

"Rufa mini asiri, 'yar Maradi."

"Ni me na gani? Zare nake nema ya faɗi. Amma uwar ɗakina, wanke hannun nan kafin mai allo ya gani."

Tawadar tampo ba ta jin sabulu. Da na koma gida na kwaɓa lalle na ƙunsa wa babban yatsan kaɗai, na ce ƙaya ce ta soke ni. Haka na yi ta yi, Talata da Alhamis. Kuma na cika alkawarin da na yi wa Allah, ban taɓa tsallake rana ba. Da azahar in na sauke tukunya sai in zagaya gidan Tekna da littafina, in zauna bakin tabarmarta in maimaita mata duk abin da aka faɗa. Na kai mata ƙasa a buhu, da ɗan irin da aka raba. Ta tara tsofaffin robobi da wata fasasshiyar randa ta jera su jikin katanga ta ciki, ta yi renon albasa da tumatir a ciki. Sau da yawa ita ke gyara mini darasin.

"A'a Mairo, kai bai ji da kyau ba. Ruwa da rana tsaka yana dafa saiwa. Malamin bai faɗi haka ba, kai ne ya juya."

Nan muke zama, ita da baƙin mayafinta, tana taɓa ganyen da yatsa tana ba ni labarin Agali, yadda yake rage gudu daidai ƙofarsu don ta ji shi ne. Ban taɓa gaya mata abin da nake yi da takardar ba. Ta ɗauka Malam ne ya ɗaga mata ƙafa.

Babanku ya gane tun mako na biyu. Shi ke karɓar takardar ya sa a jaka, kuma mutum ne da ke lura da ƙusa in ta karkace. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala ya tsaya yana kallon hannuna.

"Wannan ƙaya taki ba ta warkewa? Lallen ma ya ƙi zuwa sauran yatsun."

Na sunkuyar da kai. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Da kin jira ni," ya ce. "Yanzu in na tsayar da ke, sai an tambayi na baya. In na bar ki, na zama abokin aikinki."

Ya tafi masallaci. Bai tsayar da ni ba, bai kuma ƙara tayar da maganar ba. Sai dai na lura kowace Litinin yakan kira jami'a a waya ya tambayi takardar takaba, a ce masa tana teburin shugaba, shugaba ya yi tafiya. Layin nan ja ya yi ta sake rubuta shi har allon ya ci launin a wurin.

Tekna ta fita takaba ana saura kwana kaɗan a raba filaye. A makon ne jami'a ta turo wadda za ta duba aikin, Madam Zainabu, yarinya ce ba ta wuce sa'ar autarku ba, mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni a tsakar gida ta ce mini Inna. Kada ɗayanku ya riƙe ta a rai, aikinta ta yi. Ranar Alhamis aka taru a rumfa, tana kiran suna ɗaya ɗaya tana tambayar abin da aka koya. Da ta zo kan Tekna, sai Tekna ta amsa komai tiryan-tiryan, har da abin da ba a tambaya ba. Madam ta ji daɗi ta duba takarda.

"Ga shi kuwa fashi biyu kacal kika yi. Hanya ba ta yi miki nisa?"

Tekna ta ɗaga kai, da irin alfaharin macen da ta sauke haƙƙin mijinta.

"Wace hanya? Ni wata huɗu da kwana goma ƙafana bai taka waje ba. Tambayi kowa. Na yi wa Agali takaba cikakke."

Na ji Rahila ta ce Yesu a ƙasan maƙoshi. Madam Zainabu ta dubi layin yatsun nan, ta dubi babanku. Na yunƙura zan tashi, sai ya riga ni, ya matso ya tsaya tsakanina da ita har inuwarsa ta rufe ni.

"Madam, takardar nan a wuyana take. Duk abin da ke cikinta ni za a tambaya."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba bai rage ba. Bai ce shi ya dangwala ba. Mutane ne suka ƙarasa masa zancen.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan an watse. Madam ta buɗe jakarta a ɗakin allo, ina tsaye bakin ƙofa da tire, ta ciro ambulan ta miƙa masa, idonta ya cika da hawaye. Amsar takardarsa ce, an sa mata hannu na ƙarshe ana gobe za ta taso. An yarda mai takaba ta tura wakiliya, wakiliyar ta rubuta sunan kanta a gefe ta dangwala nata yatsa a matsayin nata. An kuma ce duk wadda aka goge saboda takaba a mayar da ita. Abin da na yi ke nan daidai, in ban da suna ɗaya da ban rubuta ba.

Da Madam ta tafi masauki na shiga na durƙusa gabansa.

"Malam, bari in je in faɗa mata. Ni na yi, ni ya kamata in ji kunya."

"Zauna ki ji. In aka ce ma'aikaci ya yi kuskure a suna ɗaya, ma'aikacin za a cire. In aka ce takardar gaba ɗaya tana yawo a hannun wadda ba ma'aikaciya ba tun farko, to babu yatsa ɗaya da za a yarda da shi. Duk matan nan sai su rasa. Kuma wa ya ba ki takardar? Ni ne."

"Za a ce ka yi ha'inci. Kai da ko alli ba ka kawowa cikin gida."

"Za a faɗa. Allah ya san wanda ya kai darasi ɗakin marainiyar Allah har wata huɗu. Ki yi mini alkawari, Mairo."

Na yi. Madam Zainabu ta je gidan Tekna washegari, ta ga robobin nan da randa cike da dashe kore shar, ta rubuta abin da ta gani. Tekna ta samu yankinta, na uku daga rijiya. Sauran matan ma duk suka samu. Babanku kuwa aka rubuto cewa ba za a sabunta aikinsa ba, aka turo wani. Ya zauna da sabon mutumin kwana shida yana nuna masa komai, makullin sito, lambar mai gyaran rijiya, wace mace ce ba ta ji sosai sai an zaunar da ita gaba. Ranar ƙarshe ya ɗauki tsummansa ya goge allon tas, sai wurin nan da jan ya kama ya ƙi fita. Muka ɗaure gadajenmu a kan kamiyo kamar kowa. Tekna ta riƙe bakin zanena har direba ya yi hon sau uku. Sai a lokacin Rahila ta raɗa mata gaskiya, na gani a fuskarta ta madubin mota, ta ɗora hannu biyu a ka.

Damagaram garinmu ne, an karɓe mu hannu biyu, amma babanku bai sake zama daidai ba. Kowace Litinin da hantsi sai in gan shi tsaye a tsakar gida yana kallon bango. Ni ma har yau in sanyi ya shigo, hancina na neman ƙamshin jiƙaƙƙen yashi da taki, kunnena na neman muryar da za ta ce mini kai bai ji da kyau ba. Nakan rufe ido in bi hanyar, daga ƙofarmu, a wuce shagon Rahila, a bi ta bayan tashar kabu-kabu, har rumfa. Bai taɓa goranta mini ba, ko da wasa. Duk shekara in an cire albasa wani direba kan sauke mana buhu daga Arlit, babu wasiƙa, sai ɗan ƙullin cuku a bakin buhun. Babanku yakan zaɓi babba ya juya ta a hannu ya ce, wannan aikin dai an yi shi, ko ba a rubuta ba. Na bana ya iso bayan arba'in ɗinsa. Da ita na yi muku miyar da kuka ci kuna yabawa.

Na roƙi gafarar Ubangiji, na roƙi ta babanku tun yana da rai, ya ce ya yafe tun ranar alwala. Saura ku. In wani ya sake kawo zancen takarda a gabanku, kada ku yi shiru, kada kuma ku yi faɗa. Ku ce masa babanku bai taɓa dangwala yatsa a sunan kowa ba. In yana son ganin yatsan da ya hau, na aika an aro mini tampo daga lakwal ɗin unguwa. Ga shi nan a ƙasan wannan shafi, da sunana a gefensa, yadda ya kamata in yi tun ranar Talatar nan.